Karatun digiri na biyu ga mai aikin kwari

Wai ni da na gama Kadpoly, kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, tun tuni, ina aikin fasa dutse a wani kwari a hanyar Abuja, yau ga ni na koma aji da furfura a gemu. Abin da ya tura ni kuwa, oga ya kawo wani yaro ya ɗora mana saboda kawai yana da mastas, alhali ni na koya masa yadda ake jera ramukan nakiya.

Mai HND irina, wato babbar difloma, sai ya fara yin PGD, diflomar share fagen digiri na biyu, kafin a ba shi mastas, to da nan na soma. Juma'a ana sallamowa na bi ta Saminaka zuwa Jos inda nake karatun, Lahadi da dare na dawo jiki duk ya yi tsami, Litinin kuma da sassafe ina bakin injin niƙa dutse, uwargida har ta daina tambaya.

Amma fa akwai daɗi. Ranar da malam ya zana yadda gangaren rami ke zaftarewa in ruwan damina ya shiga tsagar dutse, sai na tuno bangon da ya rufto mana bara, Allah ya tsare ba kowa a ƙasa. Lissafin ne dai yake ba ni wuya, wallahi kai ya yi tsatsa.