Tukwici a cikin jirgin ruwa

Na dawo Nima, unguwarmu a Accra ta Ghana, lafiya, alhamdu lillahi. Kwana 7 muka yi a jirgin ruwan shaƙatawa da ya tashi daga Basalona, 'yata ce ta ɗauki nauyin tafiyar.

Tun ranar farko ta ce, "Mama, kar ki riƙa ciro kuɗi, tukwici yana cikin kuɗin tikiti." Haka tsarin yake: ana lissafa wani abu a kan kowane fasinja kullum, a raba wa ma'aikata, har da masu wanke-wanke da masu wanki da ba ma ganin fuskarsu. Wannan ya yi mini daɗi, domin a da wanda ido ya gani kawai ke samu.

Amma akwai yaron da ke gyara mana ɗaki, ɗan Filifin. Da ya lura ina alwala, kullum sai ya ajiye ƙarin tawul kusa da famfo. Dardumata kuwa bai taɓa takawa ba, sai ya naɗe ta ya ɗora a kan kujera. Ya ce wata 6 ke nan bai ga 'ya'yansa ba.

Ni da ko kayayo, wato mace 'yar dako, ta ɗauko mini kaya daga kasuwar Makola sai na ƙara mata a kan abin da muka yi ciniki, ta yaya zan wuce shi hannu rabbana? Daren ƙarshe na sa dala 20 a ambulan, na miƙa masa da hannu biyu. Ya riƙe ta a ƙirji, ya ce zai saya wa ƙaramar 'yarsa takalmin makaranta.