Asabar: mun tsayar da watan tafiya Essawira

Tun da safe na zauna kan maganar tafiyar nan, don ta daɗe tana yawo a baki tsakanina da ƙanena ba a tsayar da komai ba. Garin dai mun riga mun amince da shi: Essawira, a gaɓar Tekun Atlantika ta ƙasar Maroko. Wata ne ya rage mu zaɓa, kuma a wasan hawan teku da laima zaɓen wata shi ne babban aiki. Mutum yana tsaye a kan ɗan allo, da ɗamara a ƙugunsa, igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 24 sun haɗa shi da laimar da ke sama, ba shi da wani inji sai iska. In ta yi ƙaranci, a rairayi za a wuni. In ta yi yawa, tana iya ɗaga mutum ta maka shi da ƙasa.

Kafin mu tsaya a kan Essawira na daɗe ina kallon Tarifa, ƙarshen kudancin Sifaniya, inda tazarar Turai da Afirka ba ta wuce kilomita 14 ba. Iska biyu ke mulkin wurin. Ta yamma, Poniente, tana da sauƙin kai, kuma tana turo mutum zuwa gaɓa. Ta gabas, Levante, tana da ƙarfi da fizga, kuma a babban bakin ruwan Los Lances daga tudu take busowa zuwa cikin teku. Ita ce irin iskar da nake tsoro ga sabon shiga: in laima ta faɗi ruwa ta ƙi tashi, sai dai mutum ya ga gaɓa tana yi masa nisa. Ƙanena bai taɓa riƙe sandar da ake sarrafa laima da ita ba. Wannan kaɗai ya sa na ajiye Tarifa sai wata shekara.

Da hantsi ya kira ni, da zumuɗinsa. Ya ce, "Yaya, mu tafi a Yuli kawai. Duk bidiyon da nake gani na masu tsalle sama a Yuli da Agusta ake ɗaukarsa."

Gaskiya ya faɗa, a waɗannan watanni biyu iskar garin take kai ƙarshen ƙarfinta. Na ce masa ai dalilin da ya sa ba za mu je a lokacin ba ke nan. Sai na yi masa lissafin da nake ganin ya kamata kowa ya sani kafin ya ɗaura ɗamara. Ƙarfin da iska ke jan laima ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. In gudun iska ya ninka biyu, jan da take yi ninki huɗu yake yi. Laimar da ke tafiya da mutum cikin natsuwa a iska mai not 15, wato wajen kilomita 28 a awa, in iskar ta kai not 30 ta fi ƙarfin hannunsa nesa ba kusa ba. A tsakiyar zafin shekara kuwa, not 30 da rana ba abin mamaki ba ne a Essawira. Gwanaye suna sa ƙananan laimomi su ji daɗinsu. Amma ƙaramar laima tana da saurin juyi, kuskure kaɗan a hannu ta riga ta kifa, shi kuma mai koyo hannunsa bai san nauyin sanda ba tukuna.

Ya yi shiru, sannan ya ce to ai ba a koyon abu sai an sha wuya. Na ce, "Ƙanena, sannu ba ta hana zuwa." Ya ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, Yaya." Muka yi dariya, na ce ya ba ni zuwa dare in gama dubawa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci yau shi ne fahimtar ita iskar kanta, kuma ban ji na ɓata lokacin ba. A watannin zafi iska mai nauyi takan taru a kan teku wajen tsibiran Azores, a daidai lokacin da ƙasar Maroko da Sahara ke gasuwa, iskar da ke kansu tana yin sama. Bambancin nan ke jawo iska daga arewa tana bin gaɓa zuwa kudu. Shi ya sa take da tsari a cikin wuni: da safe a sanyaye, rana na ɗagawa tana ƙara ƙarfi, daga azahar zuwa la'asar ta kai maƙura. Darasin mai koyo ke nan ya zama na safe, ni kuma in shiga ruwa bayan ya fito. Iskar nan dai ita ke ture ruwan saman teku daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ga kuma ruwan sanyi mai gudana cikin teku, da ake kira ruwan Kanari, da ke gangarowa daga arewa. Saboda haka ko a tsakiyar zafi ruwan Essawira da sanyinsa. Wanda ya ji an ce Afirka ya tafi da gajeren wando kaɗai, rawar ɗari za ta fitar da shi daga ruwa tun bai gaji ba. Na rubuta rigar roba doguwa, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a saman jerin kaya.

Na kuma buɗe taswira na daɗe ina kallon yadda bakin tekun ya kwanta. Tsohon gari yana arewa, cikin ganuwarsa, rairayin kuma ya lanƙwasa zuwa kudu har bakin kogin Ksob, kusa da ƙauyen Diabat. Tsibirin Mogador yana tsaye a gaban mashigar, yana karya ƙarfin manyan igiyoyin ruwa kafin su iso. Wannan tsibiri ne ya sa wurin ya dace da koyo. Sai dai iskar da ta ratso ta kan gine-ginen gari takan iso a kakkarye, ta fizga ta saki, don haka masu laima can ɓangaren kudu suke taruwa, inda ta fi daidaita. A wannan ɓangaren ne kuma masu raƙuma da dawaki ke yawo da baƙi, dole a lura da su lokacin tayar da laima da sauke ta. Igiyar laima in ta miƙe cikin iska tana yanka.

Akwai kuma hawa da saukar teku. In ruwa ya janye, rairayi yana faɗi sosai, ruwan bakin gaɓa ya kwanta, mutum yana iya tsayawa da ƙafarsa. In ya cika, fili ya ragu, igiyar ruwa tana fashewa dab da gaɓa. Jadawalin wannan ana samunsa tun watanni kafin lokaci, ba kamar hasashen iska ba, wanda ko a shafin intanet na Windguru ba na sakin jiki da shi in ya wuce 'yan kwanaki. Na duba ranakun da janyewar ruwa ke faɗowa da safe na yi musu alama.

Garin kansa yana jan raina ko da babu laima. Sarki Sidi Muhammad bin Abdallah ne ya sa aka gina shi a shekarun 1760, ya ɗauko wani Bafaranshe, Théodore Cornut, ya zana masa tsarinsa, shi ya sa titunan cikin ganuwa suka fi na sauran tsofaffin biranen Maroko miƙewa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Wannan yana da amfani ga shirinmu, domin duk tafiyar iska sai an samu ranar da ba ta busa ba, kuma ina so ranar ta same mu a wurin da za mu hau ganuwar Skala mu ga tsofaffin igwa, mu zaga tashar jiragen kamun kifi.

Da azahar na fito da kayana tsakar gida. Laimomi biyu zan ɗauka, mai murabba'in mita 9 da mai 12. Na hura kowacce da famfo na bar ta a inuwa, don in akwai huda a robar ciki sai bayan wani lokaci take nunawa. Mai 12 ta riƙe iskarta. Mai 9 ɗaya daga cikin haƙarƙarinta ya yi laushi, na shafa ruwan sabulu na ga kumfa a gindin bakin hurawa, inda gam ya saki. Gyara ne mai sauƙi, amma gara a yi shi yanzu da a tarar da shi a bakin teku iska tana wucewa. Duk lokacin da nake hura laima ina jinjina wa 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, waɗanda suka ƙirƙiro laima mai hurarren baki a shekarun 1980. Hurarren bakin nan ne ke sa ta yi iyo in ta faɗi, har a iya sake tayar da ita daga ruwa.

Daga nan na ɗaure igiyoyin huɗu a jikin ƙarfe na ja sanda don in ga ko tsawonsu ɗaya. Igiyoyi sukan sauya tsawo da amfani, kuma bambancin 'yan santimita ya isa ya sa laima ta riƙa karkata gefe guda. Sun yi daidai. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran muhimmanci a wurina, shi ne makullin gaggawa da ke gaban ɗamara, wanda in aka tura shi laima take sakin ƙarfinta nan take. Na wanke shi, na gwada shi sau da yawa har da ido a rufe. Yashi da gishiri suna sa shi ya cije, kuma ranar da ake buƙatarsa babu lokacin lallashi. Na ƙudurta ba zan bar ƙanena ya shiga ruwa ba sai hannunsa yana zuwa wurin da kansa.

Shi ba zai sayi komai ba tukuna. Makaranta za ta ba shi laima, allo, hular kwano da rigar kariya, kuma ita za ta zaɓi girman laimar gwargwadon iskar ranar da nauyinsa. Na rubuta wa wasu makarantu da ke bakin ruwan tambayoyi iri ɗaya. Ko malamansu suna da shaidar IKO, ƙungiyar da ke ba da takardar koyar da wasan a duniya? Ɗalibai nawa ke hannun malami guda? Suna da jirgin ceto a ruwa? In iska ba ta zo ba, ana ɗage darasi ne ko ya tafi ke nan? Tambaya ta biyu ce ta fi damuna. Koyon yana da matakai: sarrafa laima a tudu, barin ta ta ja jikin mutum cikin ruwa ba allo, sannan tashi a kan allo. A mataki na biyu mai koyo yana gangarewa da iska cikin sauri, kuma malamin da idonsa ya rabu a kan mutum huɗu ba zai ga komai a kan lokaci ba.

Maganar hanya ba ta ba ni wahala ba. Essawira tana da ƙaramin filin jirgin sama, amma jiragen da ke sauka Marakesh sun fi yawa, daga can kuma tafiyar wajen awa uku ce a motocin bas na kamfanin Supratours ko CTM. Jakar allo ce abin lura, don kamfanonin jirgi suna lissafa ta a kayan wasanni, kowanne da ƙa'idarsa ta nauyi da tsawo, kuma gara a sanar da su tun wajen sayen tikiti. Mota ba ta shiga cikin tsohon gari, da amalanke ake shigar da kaya, ga shi daga can zuwa wurin laima akwai 'yar tafiya. Na fi karkata ga mu kwana cikin ganuwa, kayan kuma mu ajiye a ma'ajiyar makaranta. Inshorar tafiya ma sai an karanta ta da kyau, domin da yawa suna cire irin wannan wasa daga abin da suke biya.

Bayan isha na kira ƙanena. Yuni na cire shi, saboda iska ta riga ta yi ƙarfi, kuma a wajen lokacin ne aka saba yin bikin kiɗan Gnawa, gari ya cika, masauki ya yi wuya. Saura Mayu da Satumba. A Mayu iska ta fi tabbas amma ruwa ya fi sanyi. A farkon Satumba ta fara sassautawa, ruwa ya ɗan yi ɗumi, cunkoson hutu ya ragu. Abin da za mu biya shi ne wasu ranakun iska ba za ta zo ba, don haka za mu ƙara kwanaki a kan abin da darasinsa ke buƙata. Ya tambaya ko zai ga masu tsallen. Na ce in an samu rana mai ƙarfi za mu ɗauki mota zuwa Mulay Buzarktun, kimanin kilomita 25 arewa da gari, inda manyan igiyoyin ruwa suke, mu zauna a tudu mu kalli gwanaye. Ya ce ya yarda da Satumba, da sharaɗin in ya iya tashi a kan allo, shekara mai zuwa shi zai zaɓi gari. Na amsa masa.

Gobe zan manne bakin hurawar mai 9, in auna jakar allo da kayanta a ciki, sannan in kira kamfanin jirgi.