Mugunya a tafin ƙafa: abin da nake yi da abin da ke hana warkewa

Fatar tafin ƙafa tana da kauri, shi ya sa mugunya ba ta fashewa waje da wuri, sai ta bi jijiyoyi ta nutsa ciki. Sau da yawa kumburin yana saman ƙafa amma taruwar tana ƙasa, don haka nakan danna tafin in nemi inda zafi ya fi tsanani kafin in taɓa wuƙa.

Tsagawa ce farko. Maganin sha ba ya ratsa mugunyar da ta taru. Ina yin allurar kashe zafi, in tsaga daga gefe ko kwarin tafin, in kauce wa diddige da gindin yatsu, domin tabo a wurin taka ƙasa yana damun mutum shekaru. In buɗe duk aljihunan da mugunya ta taru, in cire mataccen nama, in wanke da ruwan gishirin asibiti, in bar ciwon a buɗe. Samfurin gwaji daga can ciki nake ɗauka. Na saman fata ruɗarwa yake yi. Sakamako kan fito cikin kwana 2 zuwa 3.

Ƙwayar cutar da ta fi fitowa ita ce Staphylococcus aureus, sai Streptococcus. Maganin cloxacillin na isar musu, in ban da MRSA, nau'in Staphylococcus da ba ya jin wannan magani, wanda ke buƙatar irin su Septrin ko doxycycline. Wanda ƙusa ta soka ta cikin silifas ko takalmin roba, ina zargin ƙwayar cutar Pseudomonas, kuma ba na manta allurar tetanus. Mai ciwon suga kuwa ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haɗuwa. In ciwon yana ɗoyi nakan ƙara metronidazole.

Baligi mai lafiya da aka tsaga da wuri, maganin sati 1 zuwa 2 ya ishe shi. Idan ƙarfen gwaji da ake zurawa cikin ciwon ya taɓa ƙashi, alamar cutar ta kai ƙashi, magana ta canza: wajen sati 6 ke nan, wani lokaci har da cire ƙashin. Hoton ƙashi na farko, ko bai nuna komai ba, kada ya kwantar da hankali, ɓarnar ba ta bayyana sai bayan kamar sati 2.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai suga da ƙafarsa ta daina jin zafi, ya yi ta takawa, ko wanzami ya yi masa sakiya ƙarama bakin ya rufe. Irinsa nake duba bugun jini a ƙafa, in sa ido kan sukarinsa, in hana shi taka ta. Ciwon da bai ragu da rabi ba cikin sati 4, ina tura shi wurin likitan tiyata.