Wasiƙa daga Dresden: jagorancin injiniyoyin da ke warwatse a nahiya uku

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya harkoki?

Da yawanku kan tambaye ni aikin da nake yi a nan Jamus. Ina jagorantar injiniyoyi masu zana cip, ɗan guntun silikon ɗin nan da ke cikin wayarku da motarku, kuma yawancinsu ban taɓa yin musabaha da su ba. Haka sana'ar take, babu ƙasar da ke yin ta ita kaɗai. Kamfanin TSMC, wanda Morris Chang ya kafa a Taiwan a 1987, yana ƙera abin da wasu suka zana. Injin da ke buga zane mafi ƙanƙanta kuwa kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke haɗa shi, madubansa kuma daga Zeiss na Jamus suke zuwa.

Idan ƙarfe 9 na safe ta yi a nan lokacin sanyi, a Bangalore ta Indiya ƙarfe 1 da rabi na rana ne, a Taiwan 4 na yamma, mutanen Kalifoniya kuwa tsakar dare ya riske su. Duk lokacin da aka sa taro, akwai wanda zai bar barcinsa ko cin abinci da iyalinsa. Ni dai ban yarda kullum a ɗora wa ɓangare ɗaya wannan nauyi ba, sai mu riƙa karɓa-karɓa. Haka ma bukukuwa: Diwali a Indiya, sabuwar shekarar Sinawa a Taiwan, Kirsimeti a nan. Wanda ya tsara jadawali bai duba waɗannan ba, ya shirya wa kansa rigima.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda zan sa labari maras daɗi ya iso da wuri. Manhajar waya idan ta samu matsala, gobe a tura gyara. Cip ba haka yake ba. Da zarar an miƙa zane ga masana'anta, an kashe miliyoyin daloli, sai a jira watanni kafin a ga samfurin farko. Kuskure ɗaya da aka ɓoye yana iya mayar da kowa baya. To ga matashin injiniya can nesa, ya hango wani abu bai yi daidai ba, amma yana jin nauyin ya katse manya a taron bidiyo, cikin harshen da ba nasa ba. Wannan kunyar mun san ta a gida, ba baƙuwa ba ce. Shi ya sa nake kiran irinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tono matsala nakan gode masa a gaban kowa. Kafin mutum ya tashi daga aiki, dole ya rubuta inda ya tsaya, abin da ya gwada, da abin da yake shakka a kai, domin wanda zai karɓa ba zai same shi a farke ba.

Ƙannena masu karatun injiniya a Zariya da Kano, ku lura da wannan. Lokacin da kamfanin cip na Amurka, Texas Instruments, ya buɗe ofis a Bangalore a 1985, aikin zane ya kai can, ba masana'anta ba. Zane da tantance shi suna buƙatar kwamfuta, intanet mai ƙarfi, wuta tsayayya da ƙwarewa. Agogon Najeriya da Nijar kuma daidai yake da na Jamus a lokacin sanyi, da zafi bambancin awa ɗaya ne kacal. Ku dage da koyon Verilog, harshen kwamfuta da ake rubuta zanen cip da shi, ku kuma saba da rubuta rahoton aiki a fili, wanda baƙo zai karanta ya gane ba sai ya kira ku ba.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Dresden