Garkata ta farko a bayan gida, a Tawa

Na taso a cikin garin Tawa, ina jin ana yabon albasar Galmi wadda manyan motoci ke kwasa har Abijan da Akara, amma ban taɓa shuka komai da hannuna ba in banda hatsi da wake da muke yi da damina a gonar kakanmu. Abin da ya sa na fara tunanin garka shi ne tsadar kayan miya, musamman daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da tumatur ke yin wuya a kasuwa har uwargida ta koma ga busasshe da na gwangwani. Akwai fili a bayan ɗakinmu inda ake shanya tufafi, sai na ƙudura cewa a nan zan gwada.

Na fara aikin a tsakiyar watan Disamba, da na samu hutun makaranta. Cikin kwana uku na haƙa fangali 12, kowane mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, na kwaso kashin awaki daga turken gidanmu na zuba a ciki, na sayo irin salati da tumatur da albasa da karoti. A mako na biyu ne kawuna, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana noman rani a kwarin Tadis, ya zo gaishe da mahaifiyata. Na kai shi bayan gida ina jiran ya yaba. Ya daɗe yana duban fangalan, sannan ya ce, "Ɗana, wa zai shayar da waɗannan duka?" Na ce, "Kawu, ai akwai pampo a gida." Sai ya sa na ɗauko arozuwar, wato butar ban-ruwa, mai cin lita 10, ya ce in yi ta zuba wa fangali ɗaya har sai ya ce ya isa. Ya tura yatsa cikin ƙasa bayan na farko, ya nuna mini cewa saman kawai ya jiƙe, ƙasan kuwa rairayi ne busasshe. Sai bayan na biyu danshi ya kai tsawon yatsarsa, kuma ya ce da marece sai an ƙara ɗaya.

A nan muka yi lissafi a tsaye. Lita 30 ga kowane fangali a rana, fangali 12 ke nan lita 360, wato kusan tano biyu, kullum, ba ranar hutu. Ni kuwa ƙarfe bakwai da rabi nake fita aiki, kuma ruwan pampo a unguwarmu yakan ɗauke da rani har sai tsakar dare ya dawo, wani lokacin ma sai mun saya wajen ƴan ga-ruwa. Na yi gardama kaɗan domin wahalar haƙar tana jikina, amma a ƙarshe na bar fangali biyar na rufe sauran. Duk wanda ya tambaye ni yau yadda zai fara garka, tambayar farko da nake mayar masa ita ce lita nawa zai iya zubawa kowace rana har wata huɗu, domin fili ba ya wuya a Tawa, ruwa da lokacin ɗaukarsa su ne ke wuya.

Takin da na zuba shi ma ya jawo mini asara. Ɗanyen kashin awaki yana zafi idan ya sha ruwa ya fara ruɓewa, kuma yana ɗauke da irin ciyawa. A fangalin da na yafa irin tumatur, tsiron ya fito gwanin sha'awa, amma bayan kwana goma sai na riƙa tarar da su kwance da safe. Da na tsuguna na duba, sai na ga gindin kowane, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya yi baƙi ya sirance kamar zare. Na cika iri wuri ɗaya, ina kuma tafka masa ruwa da dare, ga ɗanyen taki, sai ruɓa ta kama su. Kawu ya koya mini in haƙa rami in tara takin da busasshen ganye da toka kaɗan, in riƙa yayyafa ruwa ina juyawa bayan kowane mako biyu. Ya ce alamar ya nuna ita ce idan na tura hannu ban ji zafi ba, ya yi baƙi yana marmashewa, kuma yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Ƙadangaru da kaji sun cinye rabin salatin da na dasa, har sai da na kewaye wurin da darnin kara, na kuma lulluɓe wurin renon iri da wani tsohon sange da ya yage, wanda ba ya da sauran amfani a ɗaki. Da tsutsa ta fara huda ganye, wani a kasuwa ya miƙo mini magani a kwalbar da ba rubutu a jikinta. Na ƙi saye, domin abin da ƴaƴana za su ci ɗanye ba zan fesa masa abin da ban san sunansa ba. Na koma ga ƴaƴan bedi: a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da marece idan rana ta yi sanyi. Ba ya kashe ƙwari nan take, sai an maimaita kowane mako, amma ya rage ɓarnar sosai.

Abin da babu dabarar da ta iya gyara shi shi ne makarar da na yi. Salati mai sauri ne, mun ci shi wata guda da ƴan kwanaki bayan dashe, kuma ban manta ranar da uwargida ta yanka na farko ta haɗa da ƙuli-ƙuli ba. Tumatur ɗin da na sake reno kuwa bai fara fure ba sai cikin Maris, lokacin da sanyi ya wuce. Na riƙa ganin furen rawaya yana bushewa yana zuba ƙasa ba tare da ya ɗaura ɗa ba, domin tumatur ba ya jure irin zafin da ke shigowa a lokacin, balle na Afrilu da ke haura digiri 40. Albasa ta yi ƙananan kai, salatin ƙarshe ya yi tsayi ya yi ɗaci. Karoti kuma na ɓata shi da kaina, saboda na tumɓuke na dasa kamar sauran, alhali shi ana shuka shi ne a inda zai girma, a rage shi idan ya yi yawa.

A shekara ta biyu na tara taki tun cikin damina, na yi renon iri a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Tumatur na dasa shi bayan mako huɗu, da tazarar rabin mita tsakanin kowane biyu, albasa kuma sai da ta kwana 45 a wurin reno ta kai kaurin fensir. Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tumatur don kada iskar hunturu ta shanye danshi, kuma hakan ya rage mini ban-ruwan marece. Da ganyen albasa ya fara kwantawa na daina ba ta ruwa, kamar yadda kawu ya ce, don ta bushe a ƙasa ta yi ƙarko a ajiya. Mun cire ta a ƙarshen Maris, muka shanya a inuwa, ta kai mu har cikin damina ba mu saya ba.

Yanzu idan bazara ta shigo nakan bar fangali uku su huta, in shuka kuɓewa da yakuwa a sauran biyun, tunda su suna son zafi. Zogale huɗu da na dasa a jikin darni sun wuce tsawona, kuma ruwan alwala da muke tarawa a bokiti shi ne ke riƙe su har ruwan sama ya sauka.