Minti goman da na yi shekara biyu ina gudu a ajin judo

Shekara biyu na yi ina zuwa atisayen judo, wato kokawar Japanawa, a makare, kuma da gangan. Ana farawa ƙarfe shida da rabi na safe, ni kuwa sai bakwai saura kwata nake shigowa. Na san a lokacin an gama zagaye fili da gudu, an gama juya wuya da kafaɗa da gwiwa, an kuma gama abin da na fi ƙi, wato motsa ciki. Sai in tuɓe takalmi a bakin katifa, in rusuna, in gyara ɗamara, in shiga sahu daidai lokacin da za a fara koyon kaye. A ganina kaye na zo koya. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari da zan buɗe kafin ƙarfe tara, ban ga dalilin kwanciya a ƙasa ina ɗaga ƙafafu har minti goma ba.

Kocinmu dattijo ne marar yawan magana, bai taɓa kora ta ba. Iyakarsa ya dube ni ya ce, "Malam, ta taga kake shiga gidan nan, ƙofar tana can."

Wata safiya cikin hunturu, irin wadda hazo ke rufe Dala da Goron Dutse har ba ka hango su, aka haɗa ni da wani yaro ɗan sakandare. Na girme shi da fiye da shekara goma, na kuma fi shi nauyi sosai. Muna kama riga ya tura ni baya, ya share min ƙafar dama ta waje, kayen da ake kira osoto-gari. Faɗuwa ba baƙon abu ba ce a judo, ita ake fara koya wa mutum: ka manna haɓa da ƙirji, ka lanƙwasa baya kamar ƙwarya, ka mari katifa da hannu. Duk na san wannan a ka. Amma ran nan jikina ya sauka a miƙe kamar an yar da itace, ƙeyata ta bugi katifa har na ga wuta. Kafin in dawo hayyacina ya zauna a gefena, ya zagaye wuyana da hannu ɗaya, ya maƙale hannuna na dama a hammatarsa, ya sakar min nauyinsa a ƙirji. A dokar judo, wanda aka danne daƙiƙa 20 ya faɗi wasa. Na yi ta tura shi da hannu ɗayan da ya rage min, na riƙe numfashi ina yunƙuri, ƙuguna ko motsi bai yi ba. Koci ya ƙirga ashirin ɗin a hankali.

Da na tashi zaune ina haki, sai ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan cibiyata ya ce in ƙanƙame wurin kamar za a naushe ni. Na yi. Ya ce to yanzu in karanta masa lambobi daga ɗaya zuwa goma ba tare da na saki ba. Ina buɗe baki cikin ya saki. Ya ce, "Ka ga matsalar. Hannunka da ƙarfi, ƙafarka da ƙarfi, amma tsakaninsu babu kowa a gida."

Maganar nan ta daɗe tana yi min yawo, domin gaskiya ce da kowa zai iya taɓawa a jikinsa. Daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙashin ƙugu babu wani ƙashi sai na gadon baya shi kaɗai. Duk sauran tsoka ce, kuma hawa-hawa take. Akwai ta gaba da ta taso daga ƙirji zuwa mara, wadda samari ke son ta fito gida-gida. Akwai biyu a kwiɓi da suka gitta juna, su ke murɗa jiki, su ke kuma hana a murɗa shi. Can ciki akwai wadda ta zagaye mutum kamar ɗamara. Ƙarfin kaye daga ƙasa yake tasowa, ta ƙafa, ya bi ta ƙugu, sannan ya kai hannun da ke riƙe da rigar abokin karawa. In tsakiya a sake take, a nan ƙarfin ke zubewa. Japanawa suna kiran wurin hara, kuma tun da Jigoro Kano ya kafa judo a Tokyo a 1882 malamanta ke nanata wa ɗalibi cewa daga nan ake motsi.

To daga nan sai na yi wani kuskuren, wanda ya fi na farko ciwo. Na ce tunda ciki ne ya ba ni kunya, zan rama. Kullum ina tashi daga barci, kafin ma in fita, sai in shimfiɗa tabarma a kan siminti, in sa ƙanena ya danne min ƙafafu, in sarƙe hannuwa a ƙeya, in yi ta tashi ina kwanciya har ɗari biyu. In na gaji sai in riƙa fizgo kaina da hannu. Mako uku ban cika ba bayana ya riƙe. Ruku'u ya zama aiki, ɗauko bandir ɗin shadda daga ƙasan kanta sai da na kira yaron shago. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Likitar gashin ƙashi da na je wurinta ita ta warware min abin. Ta ce idan aka danne wa mutum ƙafa yana tashi zaune, yawancin aikin ba ciki ke yi ba, wata tsoka ce da ta taso daga cinya ta je ta kama ƙasan gadon baya, ita ke ta jan wurin. Ta kuma ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa cikin dare, shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe, kuma lanƙwasa baya da ƙarfi a sa'ar farko bayan tashi ya fi takura su. A bakinta na fara jin sunan Stuart McGill, tsohon malamin jami'ar Waterloo a Kanada da ya shafe shekaru yana nazarin gadon baya, mai cewa babban aikin tsokar ciki shi ne ta tsare baya kada ya goce. Ta ba ni motsi uku marasa hayaniya, ta ce in huta da kaye har sai ruku'u ya daina min zafi.

Da na koma, shida da kwata ta same ni a bakin ƙofa. Sai a lokacin na ga abin da ake yi cikin minti goman nan da idon basira, kuma ba abin da na zata ba ne. Babu wanda ke neman ɗari biyu. Mukan fara da rungume gwiwoyi mu yi ta lilo a kan baya, haɓa manne da ƙirji, wanda shi ne ainihin siffar faɗuwa. Sai mu kwanta rigingine mu ratsa katifa daga wannan bango zuwa wancan, muna tura ƙafa a ƙasa muna zame ƙugu gefe, dama da hagu. Ebi ake ce masa, sunan jatan lande ke nan da Japananci, don haka yake naɗe jiki. Sai gada: duga-dugai kusa da ɗuwawu, a cilla ƙugu sama, a juya ta kan kafaɗa ɗaya. Sai a kifa a dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, daga nan a juya kwiɓi. Wannan na ƙarshen rabin minti kawai ake yi, amma da sharaɗi: kowa sai ya ƙirga da ƙarfi da Japananci, ichi, ni, san, shi, har koci ya ji muryarsa. Da can na ɗauka al'ada ce kawai. Ashe mai ƙirgawa dole ya yi numfashi, kuma abin da ake koya masa ke nan, ya riƙe ciki tamau alhali iska na shiga tana fita. Wanda aka danne da ƙirji bai iya wannan ba, kafin daƙiƙa goma ya ƙare.

Na taɓa tambayar koci me ya sa ba ma ƙarawa. Ya ce ɗumama jiki tashin mai barci ne, ba a tashin mutum da duka. Cikin da aka gajiyar tun farko ba zai tsare baya ba lokacin da aka zo karawa ta gaske. Mai son aiki mai nauyi ya jira ƙarshen aji. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin wuraren atisaye da yawa a garin nan suna kuskure a nan, suna auna kyan ɗumi da yawan wahalar da yara suka sha.

Wani zai ce 'yan kokawarmu na gargajiya ba su san ebi ba, ga shi kuwa ba a ɗaga su. Haka ne. Na kalli kokawa a ƙauyen kakannina bayan kaka, na ga ƙattin da in suka kafa ƙafa sai ka ce kuka. Amma mutumin da ya yi damina yana huɗa da garma, yana jan guga, yana ɗora damin dawa a ka, ya riga ya yi nasa atisayen cikin a gona. Ni daga tara zuwa shida a kan benci nake, sai kujerar adaidaita sahu ta kai ni gida. Abin da gona ta ba su kyauta, irina sai ya neme shi a katifa.

Teɓa kuwa, kada kowa ya ruɗe ku, motsa ciki ba ya narkar da ita. Tawa ba ta ragu ba sai da na rage tuwon dare da lemon kwalba. Da azumi kuma muna mayar da atisaye bayan tarawihi, mu sassauta na cikin, domin ba a murɗa cikin da bai gama da kunu da ƙosai ba.

Wajen wata biyar da dawowata aka sake haɗa ni da yaron nan. Ya sake kayar da ni, da kayen dai na ranar. Amma wannan karon haɓata na ƙirji, bayana ya sauka a lanƙwashe, hannuna ya mari katifa, kaina bai taɓa ƙasa ba. Ya zauna ya kama wuyana kamar wancan karon. Na ja numfashi ta hanci, na matso da duga-dugaina, na rungumi ƙugunsa na manna shi da jikina. Koci na cewa goma sha ɗaya na cilla gada ta kafaɗar hagu, na ji nauyinsa ya taso daga ƙirjina ya bi ta kaina, muka juye. Yaron ya tashi yana gyara riga ya ce, "Yaya, yau ka zo da wuri ke nan." Koci bai ce komai a kai ba, ya tafa hannu sau biyu ya ce, "A sake."