Asabar: Cressida da fitilunta na baya

Jiya da daddare a hanyar Makka wani mai tasi ya yi ta danna mini oda har muka tsaya a danja, ya sauke gilashi ya ce fitilun bayana sun haukace. Ga shi kuma istimara, wato takardar rajistar mota, ta kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta ta sai mota ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota. Shi ya sa yau ban je ko'ina ba.

Motar Cressida ce ta 1984, ta marigayi Baba. Yaran unguwa suna yi mata dariya, amma dattawan Jidda in sun gan ta sai sun rage tafiya sun kalla.

Da rana ba a taɓa ƙarfe a garin nan, don haka sai bayan la'asar na buɗe but. Na sa ƙanena ya zauna a gaba yana taka birki, ni ina tsugune a baya. Gefen dama lafiya lau. Na hagu kuwa ja-ja kawai yake yi, ba ƙarfi. Da ya kunna sigina yana riƙe da birki, sai jan da ruwan ɗorawar suka shiga karɓa-karɓa, wannan ya ɗauke wancan ya kawo. Can sai ya leƙo ta taga: "Yaya, fitilun dashbod ma suna kamawa in na taka!"

Fis ban ɓata lokaci a kansa ba, tunda da shi ne ya ƙone da duka gefen biyu sun mutu. Haka ma makunnin da ke saman fedar birki. Na zare ƙwan na ɗaga shi a haske. Irin mai zare biyu ne, babban na birki mai wat 21, ƙaramin na fitilar dare mai wat 5, kuma ƙusoshinsa biyu ba a jere suke ba don kada a sa shi a juye. Duka zaren suna nan ƙalau.

Ana haka Kawu ya fito da kujerarsa da shayinsa. Ya yi shekaru yana aikin wayar mota a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, kafin idonsa ya yi rauni. Ko tashi bai yi ba, ya ce, "Ɗan nan, bar ƙwan nan ya huta. Ardi ne."

Bayaninsa ya fi aikin daɗi. Wai wuta ba ta shiga inda ba ta da hanyar fita. A mota, waya ɗaya ce ke kawo ta daga batir, jikin motar ne ke mayar da ita. To in wurin da fitilar ta kama jiki, wato ardi, ya yi tsatsa, wutar birki sai ta ratsa ta ƙaramin zaren, ta bi wayar fitilun dare ta koma gaba, har dashbod. "Kamar ruwan kwata ne," in ji shi, "ka toshe nan ya ɓullo gidan maƙwabci."

Ya sa na fere guntun waya, na ɗora baki ɗaya a gefen ƙarfen da ke zagaye da gindin ƙwan, ɗayan a kan wani noti mai tsabta. Ƙanena na takawa sai ga ja ya cika, sigina ta koma hankalinta.

Na ɗage kafet ɗin but na bi wayar ardin har inda aka ɗaure ta. Notin ya zama ruwan ƙasa, bakin wayar ya yi kore yana marmashewa a yatsa. Robar da ke zagaye da fitilar ta bushe ta tsage, ta nan ruwa ke shiga. Kawu ya dage wai tun ambaliyar Nuwamban 2009 abin ya faro, lokacin da ruwa ya kai wa motar har ƙofa. Ni dai ina ganin laimar Bahar Maliya da gishirinta kaɗai sun isa, amma ban yi masa musu ba.

Sifana mai lamba 10, samfefa har ƙarfe ya yi fari, sabon bakin waya, ɗan giris a kai. Kafin kiran magariba an gama.

Robar ce matsala, don shagunan kayan mota sun daina ajiye irinta. Gobe sai tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, in an dace a samu wata tsohuwar Cressida da ba a gama wawushewa ba. Kawu ya ce zai bi ni, wai ban iya ciniki ba.